Duna Nawa Ne, Ba na Malam Isyaku Ba

Ranar Talata da hantsi ina wurin aiki aka ce ana nemana a waya. Hajiya Rabi ce, matar Malam Isyaku, amma da ƙyar na gane muryarta. Ta ce, "Garba, Malam ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa. Ta ce da safe ya fita bayan gida da gwangwanin abincin kare a hannu kamar yadda ya saba, da ta ji shirun ya yi yawa ta leƙa ta tagar kicin, sai ta hango shi kwance a kan ciyawa. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Washegari muka yi masa sutura muka kai shi makwancinsa, muka dawo gidansa a nan Greensboro ta ƙasar Amurka muka zauna karɓar gaisuwa.

A zaman nan ne na ga abin da ya tayar mini da zuciya. Falo ya cika maƙil. Alhaji Tanko, wanda shi ne babba a cikinmu tun da Hausawa suka fara taruwa a garin nan, ya hakimce a kujerar mamacin yana jan carbi yana cewa, "Kai, mun yi rashi. Mutumin kirki, mai tsoron Allah, ba ruwansa da kowa." Jama'a na ta gyaɗa kai. Bakin nan da ke zuba yabo shi ne ya laƙaba wa Malam suna Mai Kare, shi ne kuma ya sa aka sauke shi daga limanci shekara takwas da suka wuce. Can bayan gida karen na ta kuka ƙasa-ƙasa, kowa ya yi kamar bai ji ba. Ni ma haka na yi, alhali na fi kowa laifi a ɗakin, domin karen nan nawa ne. Ni na saye shi, ni na nakasa shi, Malam ya ɗauke mini abin kunyar ya ɗora wa kansa, ni kuwa na zuba masa ido har ya koma ga Allah. Kwana ukun nan na makoki abu ɗaya ne ya hana ni sakat: ko zan iya buɗe baki in wanke sunansa, ko kuwa zan bari a ci gaba da tuna shi da Mai Kare.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isyaku ɗan dillalin shanu ne daga Wudil. A kara, kasuwar shanu, ya tashi, tun yana ƙarami yake shafa bayan sa ya faɗi yawan naman da za a samu, mahauta su yanka su tarar haka ne. Ya yi karatun allo da na littattafai kafin boko ta kawo shi Amurka karatun kiwon dabbobi, ya gama ya kama aiki a gonar jami'a. Ranar da na sauka a tashar bas ta cikin gari, da akwatina da rigar da ba ta tare sanyi, shi ne ya zo ya ɗauke ni, alhali ba mu taɓa haɗuwa ba. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ba ni, bai sake tambayarta ba. Duk Babbar Sallah shi ke zuba mu a motarsa zuwa gonakin bayan gari, ya zaɓa wa kowa rago, ya yanka, ya feɗe. Shi ke jan mu sallah a wani ɗaki da muka kama haya a saman kanti kusa da titin Elm. Ba mai yawan magana ba ne. In ka nuna masa dabba ka ce ta yi maka kyau, abin da zai ce bai wuce, "Taɓa ka ji tukuna."

A ƙarshen shekarun saba'in na ɗauko matata Binta daga gida, muka kama wani ɗan gida a McLeansville don ya fi sauƙin haya. Wuri ne da gonaki suka fi mutane yawa, maƙwabcinka na kusa sai ka yi ihu sau biyu kafin ya ji. Wata rana da rana tsaka mun tafi awon ciki, muka dawo muka tarar an ɓalle ƙofar baya, an kwashe rediyo da keken ɗinkinta. Daga ranar Binta ta daina cin abinci in ba na gida. Turawan da nake aiki da su kowa maganarsa ɗaya, a nemi Doberman, irin baƙin karen nan mai jan baki da jan ƙafa da ake yayi a lokacin.

Ni kuwa Allah ya zuba mini ƙyamar kare. Ko a fim na ga Bature yana barin kare ya lashi fuskarsa sai in kawar da kai. Ga kuma tsoron bakin mutanenmu. Sai na je wurin Malam a ɓoye, kamar mai neman maganin ciwon da ba a faɗa. Ya saurare ni har na gama, ya ce kare don tsaron gida halal ne, babu wanda zai ce a'a sai wanda bai yi karatu ba. Sannan ya dube ni ya ce, "Amma ka sani, rai za ka ɗauko, ba kwaɗo da makulli ba. Za ka iya?" Na ce zan iya. Na roƙe shi kada kowa ya ji, ya ce to.

Ranar Asabar ya kai ni wurin wata tsohuwar Baturiya da ya sani ta wajen aikinsa. Wurinta tsaf, ko warin kare babu. Kafin ya kalli 'yan kwikwiyon sai da ya ce a fito da uwarsu. Aka fito da wata karya siririya, ciki a ɗame, gashi na sheƙi. Raina bai kwanta ba. Ina ɗalibi na yi aikin yankan ciyawa a Irving Park, unguwar attajirai, na sha ganin irinta suna bin masu kuɗi a baya, ina cewa a raina dubi rowar Bature, ga gida kamar fada amma ya bar karensa da yunwa. Na faɗa wa Malam haka da Hausa. Ya kama hannuna, ina nonnoƙewa, ya ɗora a gefen cikinta.

"Me ka ji?"

"Haƙarƙari."

"Da ka tsaya can ka gan shi da ido?"

"A'a."

"To shi ke nan lafiyarsu. A ji shi da hannu, kada a gan shi da ido. Ka tsaya ta sama ka duba, ka ga ƙugu ya shiga? Ranar da ƙugun nan ya ɓace, an fara cutar da ita."

Ya ce namijin irin nan in ya gama girma tsayinsa a kafaɗa inci ashirin da shida ne zuwa da takwas, nauyinsa daga laba saba'in da biyar zuwa ɗari, mace kuma ƙasa da haka kaɗan. Abin da ya haura wannan, in ji shi, ba ƙarfi ba ne, kaya ne aka ɗora wa ƙafafun da ba a halicce su don shi ba. Ya durƙusa cikin 'yan kwikwiyon, ya buɗe bakin wannan ya duba dasashi, ya duba idon wancan ko da kwantsa, ya jefa makullin mota ya ga wanda zai bi. Ya ɗago wani matsakaici mai tsayayyun ƙafafu ya ce, "Ga naka." Na kalle shi na ga ko rabin abin da nake so bai kai ba. Ni abin da zai sa ɓarawo fitsari a wando nake nema. Muka fito ban saya ba.

A hanyarmu ta dawowa na hango wani allo a bakin titi, an rubuta ana sayar da manyan Doberman, ƙattai irin na sarakai. Na matsa wa Malam sai da ya karkata motar. Tun daga bakin shinge zarni ya tare mu. Kejoji ne jere a bayan wata tsohuwar tirela, kashi ya taru a ƙarƙashinsu har ya yi tudu, ƙudaje sun yi baƙi a kan kwanukan ruwa. Mai wurin, wani jibgegen mutum da taba a leɓe, ya jawo mana uban 'yan kwikwiyon da sarƙa yana taƙama wai ya fi kowane kare a jihar nauyi. Dabbar na tafiya tana haki, bayanta na rangaji, dalala na zuba har ƙasa. Malam ya tambayi uwar, mutumin ya ce tana hutawa, ba a ganinta. A wani kwali kuma ga wasu 'yan kwikwiyo an yanke musu kunnuwa an naɗe da filasta, jini ya bushe a jiki, wai don su tsaya cak su ba da tsoro. Ban taɓa ganin Malam ya tofar da yawu a gaban mutum ba sai ran nan.

Amma ni idona ya riga ya faɗa kan wani ɗan kwikwiyo ɓul-ɓul, ya ninka 'yan'uwansa, ciki kamar tulu. Na ɗaga shi na ji nauyi, raina ya yi fari. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, dubi wannan, ai ko a kara aka kai shi an gama ciniki."

Ya ce, "Garba, ragon layya ka zo saye? Kai ba yanka shi za ka yi ba. Shekara goma zai yi yana ɗauke da jikin nan. Wannan cikin rabinsa tsutsa ce, ubansa kuma ka ga yadda yake tafiya. Shiga mota mu tafi."

Na shiga mota. Ranar Litinin na koma ni kaɗai na sayo mai cikin tulun nan, na sa masa suna Duna. Abin kirki ɗaya da na yi shi ne ban bari an taɓa kunnensa ba, shi ma don ina jin kunyar Malam ne.

Da Malam ya zo ya gan shi bai yi faɗa ba. Ya ba shi maganin tsutsa, ya kawo buhun abincin karnuka da wani gwangwanin madara da ya ja wa layi da ƙusa ta ciki. Ya ce iyakar layin nan, sau uku a rana, in ya girma a koma sau biyu, kuma a riƙa sakinsa yana gudu. Ya ce irin nan in suka yi saurin ƙiba suna ƙanana, ƙashi ba ya iya bin nama. Na ce to. Yana fita na jefa gwangwanin a gareji.

Ni kiwo ɗaya na sani, wanda na ga kakata tana yi wa ragonta: a kafa turke, a ɗaure, a yi ta ɗura har wuya ya yi kauri. Haka na yi wa Duna. Na ɗaure shi da sarƙa a gindin bishiya a bayan gida, inda baƙo ba zai gan shi ba. Sauran tuwo da miya nasa ne, ƙanzon shinkafa nasa ne, fatar kaza da man da aka soya ta duk nasa ne. Har wurin mahauci nake zuwa in karɓo kitsen da za a zubar, in dafa masa a tsohuwar tukunya, gidan ya ɗauki ƙarni. Ba na taɓa shi, daga nesa nake tura masa kwano da sanda. In na ga ya ƙara faɗi sai in ji daɗi, in kira Binta ta zo ta ga aikina. Duk zuwan da Malam zai yi da sikelinsa a bayan mota sai ya auna shi, ya ce, "Ka rage." Ni kuma in ce, "An rage, Malam," ƙarya tsagwaronta. Wata rana ya ce mini, "Dabba ba ta san ta ƙoshi ba in mai ita bai sani ba. Laifinta kaɗan ne a nan."

Duna na da shekara ɗaya da 'yan watanni sikeli ya nuna laba ɗari da ashirin da biyar. Ƙugu ya daɗe da ɓacewa, haƙarƙari ko ka danna da ƙarfi ba ka jin sa. Ƙafafun gaba suka lanƙwashe, na baya suka daina ɗaukarsa. Wata safiya na tarar da shi kwance cikin kashinsa da fitsarinsa, ya kasa tashi, gwiwoyinsa sun yi gyambo, ƙudaje na bi. Karen da na saya don ya tsare mini iyali, ko ɓarawo ya zo ya tsallake shi sai dai ya bi shi da ido. Na toshe hanci na koma ciki na buga wa Malam waya.

Shi ya wanke shi da hannunsa, muka cicciɓe shi a bargo zuwa wurin likitan dabbobi. Likitan ya ɗauki hoton ƙashi, ya ce kwatangwalon ya lalace, wani ɓangare gado ne daga uba, sauran kuma aikin mai ciyarwa ne. Ya ce ko dai a yi masa allurar da ba zai farka ba, ko a sami mai haƙurin da zai yi shekara yana auna masa abinci yana tafiya da shi a hankali, ko da haka ma ɗingishi ba zai rabu da shi ba. Tun bai rufe baki ba na ce a yi allurar. Har yau ina jin yadda maganar ta fito mini da sauƙi, kamar mai cewa a zubar da ruwan wanki.

Malam ya juyo ya dube ni. Kallon da ya yi wa mai kejin nan shi ya yi mini. Ya ce da Hausa, "Ka ɗura masa har ka karya shi, yanzu kuma ya zama ƙazanta ko? Buɗe mini bayan mota." Daga asibitin gidansa ya wuce da shi. Mu kuwa kafin wata biyu muka tashi daga McLeansville muka koma gidan bene a cikin gari, na shafa wa idona toka kamar ban taɓa sanin wani kare ba.

Gidan Malam a cikin gari yake, mutanenmu na shiga suna fita, ba a yi sati biyu ba labari ya zaga. Malam ya gina wa Duna ɗan ɗaki a ƙarshen fili, ko sau ɗaya bai shigar da shi cikin gida ba, yana da rigar da ya ware don wannan aikin. Duk da haka aka fara gutsiri-tsoma. Wai an ga Liman da asuba, wai an gan shi da yamma yana jan kare a titi kamar Bature. Wata Juma'a bayan an idar, Alhaji Tanko ya ce kowa ya zauna akwai magana.

"Malam Isyaku, mun ji abin da ba mu ji daɗinsa ba. An ce kare kake kiwo a backyard ɗinka, can bayan gida. Mutumin da ke shafa kare da safe, da rana ya zo ya ja mu sallah? Haba Malam."

Malam ya ce a karatun da ya yi, kuma a mazhabar da dukkanmu muka tashi a kai, mai rai ba najasa ba ne, kuma yana wanka yana sauya tufa kafin ya zo. Ya ce dabbar gurguwa ce, in ya sake ta kashe ta za a yi.

"To naka ne ko na wa?"

"Amana ce a hannuna."

"Amanar wa?"

"Mai ita zai faɗa in ya ga dama."

Ina zaune a sahun gaba, tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Bai kalle ni ba, ko da wutsiyar ido. Na sunkuyar da kai ina ƙirga zanen darduma. A lokacin an fara sa ni cikin masu faɗa a ji, ana ba ni riƙon makullin ɗakin sallah, ina jin daɗin a ce Malam Garba ya ce. Wannan ɗan abin na saya da mutuncin mutumin da ya tuɓe rigarsa ya ba ni. Alhaji Tanko ya ce tunda haka ne sai a nemi wani ya riƙa ja.

Shekara takwas Malam yana sallah a ƙarshen sahun baya, kusa da takalma. Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Na sha ganin mutum ya gaisa da shi ya juya ya goge hannu a jikin riga. Matanmu suka daina cin abincin Hajiya Rabi a wurin suna, a karɓi kwanonta da fara'a a tura shi ƙarƙashin tebur, ta ɗauke shi yadda ta kawo. Amma fa duk Babbar Sallah sai ka ga motoci a ƙofar gidansa. Hannun da bai isa a yi musabaha da shi ba, shi ne dai ke zaɓa musu rago ya yanka ya feɗe, su ci har su suɗe yatsa. Tir da wannan hali. Ni ma ina cikin layin, da igiyar ragona a hannu.

Shi kuwa ya ci gaba da abin da ya sa a gaba. Safe da yamma gwangwani iyakar layi, tafiya daga ƙofa zuwa kwanar titi, bayan wata biyu zuwa kwana ta biyu. Cikin shekara guda Duna ya sauko laba tamanin da biyar, ya tsaya a nan. Gyambon ya warke, ƙugu ya fito, yana ɗingishi amma yana zuwa inda yake so. Sau ɗaya na tarar da su a bayan gida, na tsaya nesa na ce, "Malam, ina so in gaya wa mutane gaskiya." Ina fata ya ce in bari, ya wuce. Bai ce haka ba. Ya ce, "Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, Garba. Ni nawa shi ne awon abincinsa. Matso ka taɓa ka ji." Na ce ina sauri, ana jirana. Ban matsa ba, ban kuma faɗa ba.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, mutane ba su kai ga tashi ba Alhaji Tanko ya ɗaga murya yadda Hajiya Rabi za ta ji daga ƙofar kicin, inda take zaune da mata.

"Hajiya, sai haƙuri. Abu ɗaya ya rage. Karen nan, gobe zan sa a zo a kai shi wurin vet, likitan dabbobi, a yi masa allura, gidan ya tsarkaka, addu'a ta riƙa isa ga mamaci. Mu rufa masa asiri, abin da ya wuce ya wuce."

Wai su rufa masa asiri. Hajiya Rabi ta san komai tun ranar da aka sauke Duna a gidanta cikin bargo, shekara takwas tana gaishe ni tana ba ni ruwa ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Sai ta ce daga bayan labule, "Alhaji, ba ni da iko a kansa. Malam ya ce amana ce. Mai ita yana nan cikinku."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Nawa ne." Na ga ba a gane ba, na sake cewa, "Karen nawa ne. Ni na saye shi a McLeansville, Malam ya hana ni na ƙi ji. Ni na yi masa kiwon turke har ƙafafunsa suka lalace, na ce a kashe shi, Malam ya karɓa. Ranar da kuka tambaye shi amanar wa, ina zaune a gabanku na yi shiru. In akwai wanda ya kamata a goge hannu bayan an gaisa da shi, ga ni."

Carbin Alhaji Tanko ya tsaya. Wani daga baya ya ce subhanallahi. Ban jira komai ba, domin ba yafiyarsu na zo nema ba, wanda ya kamata in nema wurinsa mun riga mun binne shi.

Na zaga bayan gida. Duna na kwance a daidai inda Malam ya faɗi, bakinsa ya yi furfura, kwana uku bai taɓa abinci ba. Na durƙusa da farar rigata. Ƙyamar nan ta taso mini kamar kullum, ba zan yi ƙarya in ce ta tafi ba, na haɗiye ta na ɗora hannu a gefen cikinsa. Haƙarƙarin na nan a ƙarƙashin tafina, ɗaya bayan ɗaya, ana ji ba a gani. Shekara tara da sayensa, ran nan na fara taɓa shi. A nan kukan da ban yi a maƙabarta ba ya ƙwace mini.

Na jawo shi ta ƙofar gefe, a gaban duk masu neman takalmansu, suna darewa suna tattare riguna. Bai iya hawa mota da kansa, sai da na rungume shi na ɗaga. Hajiya Rabi ta aiko wasu mata da gwangwanin, wani sabo ne ba wanda na jefar ba, amma da layin ƙusa a ciki. Ta ce a gaya mini sau biyu a rana, kuma Malam ba ya tsallake layin ko da karen ya yi ta kallonsa. Yanzu muna neman gida mai fili, kafin nan yana garejin wani abokin aikina, ina zuwa safe da yamma. A rana ta biyu ya ci.

Wanda duk ya taɓa kiran bawan Allahn nan Mai Kare, ya sani sunan nawa ne, ya dawo mini da abina. Shi sunansa Malam Isyaku, limaminmu.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya tausaya wa dabbar da ba ta da bakin godiya, ka tausaya masa fiye da haka. Yadda ya rufa mini asiri shekara takwas, ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka mayar masa da kowace raka'a da ya yi a bakin takalma ta zama ɗaukaka a wurinka, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yansa da 'yan'uwansa na Wudil haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu, ka albarkaci abin da ya bari. Mu da muka ci naman hannunsa muka ci naman bayansa, ka yafe mana, ka sa shi ma ya yafe mana ranar haɗuwa. Ka ba ni ikon riƙe amanar da ta dawo hannun mai ita har ƙarshen kwananta. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.